Na-Kudu da Na-Arewa a Bayan Shingena

Ranar da muka tare a gidanmu na Sterling, a ƙasar Amurka, ban gama buɗe bayan motar kaya ba sai ga wasu dattawan Turawa biyu sun fito daga gidan da ke jikin namu, kowa ya naɗe hannun riga. Ba su tsaya tambayata ko ina son taimako ba. Ɗaya ya kama kan doguwar kujera, ɗaya ya kama gindinta, suka yi ciki da ita suna musu a kan ta wace ƙofa za ta fi shiga. Matata ta dube ni, na dube ta. Da aka gama jidar kaya ta dafa musu shayi mai kauri da citta da kanumfari. Suka yi godiya da fara'a, suka ce addininsu ya hana su shayi da kofi. Ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta koma ta ɗauko zoɓon da ta haɗa mana na hanya. Sai da suka ga ƙarshen jarkar sannan suka tafi.

Haka na san su. Wa da ƙani ne, uwa ɗaya uba ɗaya, 'yan ɗarikar Mormon. Wan shi ne maƙwabcina: tsohon malamin sakandare, dogo, mai sanyin magana, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa. Ƙanin yana zaune can wajen Lanham, ya yi aikin gwamnati a ɗaya daga cikin manyan ofisoshin nan na birnin Washington har ya ajiye. Gajere ne mai jan fuska, kuma idan yana yi maka magana sai ka ɗauka da mutumin ƙetaren titi yake. Duk ranar Lahadi in sun taso daga cocinsu sai ya tuƙo mota ya zo wurin wansa, su zauna a bayan gida, matata ta miƙa musu zoɓo ta saman shingen katakon da ya raba mu. Daga nan har faɗuwar rana ba abin da kake ji sai muryoyinsu.

Ni Musulmi ne, littafinsu ba nawa ba ne, kuma ba su taɓa matsa mini da shi ba. Sau ɗaya wan ya miƙo mini kwafi, na ce ina da nawa, ya yi dariya ya ce ya sani, gwada sa'a ya yi. Amma wanda ke jikin shinge ba ya rasa jin abin da ake faɗa. A hankali na fahimci littafin nasu yana ba da labarin wasu mutane ne da suka taso daga Ƙudus tun zamanin da, suka ƙetare teku suka sauka a nahiyar Amurka, suka gina birane, suka yi sarakuna, suka yi ta yaƙar juna har ɓangare ɗaya ya ƙare a gindin wani tsauni. Littafin ya ambaci koguna, da wata siririyar ƙasa tsakanin teku biyu, da dawakai, da takubban ƙarfe. Abin da bai faɗa ba shi ne a ina. Shugabanninsu ma, in ji wan, sun ce a nahiyar nan ne dai, ba su nuna wuri da yatsa ba. To inda manya suka yi shiru, nan na ƙasa ke samun filin gardama.

Mahaifinsu ya yi wa'azi a Guatemala yana saurayi, ya dawo da yaƙinin cewa can abin ya faru, tsakanin Guatemala da kudancin Mexico. Ga kufan birane na dutse, ga rubutu a jikin bango, ga siririyar ƙasar. Ya zana taswira da hannunsa ya rataye a falo, kuma a ƙarƙashinta yaran biyu suka girma. Bayan rasuwarsa taswirar ta dawo falon wan. Na sha ganinta, takardar ta yi ja saboda tsufa.

Shekaru haka ake tafe bakinsu ɗaya, musunsu bai wuce na wane kogi ne wanne ba. Sai ƙanin ya bar aiki, lokaci ya yi masa yawa, ya bi wata tawagar yawon buɗe ido zuwa Ohio, inda ake da wasu manyan tuddan ƙasa da mutanen da suka tara da hannu. Ya dawo wani mutum daban. Ya ce tun suna yara aka ɓatar da su. A nan cikin Amurka aka yi komai: babban kogin littafin shi ne Mississippi, tuddan nan su ne ganuwar biranen, tsaunin yaƙin ƙarshe kuma yana nan jihar New York, inda suka yi imani an tono allunan da aka fassaro littafin daga gare su. Wan ya ce a'a, tsaunuka biyu ne masu suna ɗaya, kuma a na kudu aka yi yaƙin. Ƙanin ya ce wanda ya rasa hujja ne ke ƙirƙiro tsauni na biyu.

Matata ce ta raɗa musu suna, wan Na-Kudu, ƙanin Na-Arewa. Ta ce, "Mun baro rigimar Kudu da Arewa a gida, ashe ta riga mu samun biza."

Da farko abin dariya ne. Na-Arewa ya fi son zancen doki. Littafin ya ce akwai dawakai, masu tona ƙasa kuwa sun ce ba su ga ƙashin doki na wancan zamanin ba. Wasu daga cikin masu ra'ayin kudu suka ce wataƙila ba doki ake nufi ba, wata dabbar dajin can ce da ake kira tafir, mai jikin alade da guntun hanci irin na giwa. Sai Na-Arewa ya miƙe tsaye, ya ware ƙafafu, ya kwaikwayi jarumi ya hau alade ya tafi yaƙi. Na-Kudu zai bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi a hankali: in a New York aka yi, ƙasar tsananin sanyi, ina ƙanƙarar? Mutanen da littafin ya ce sun fita yaƙi da ɗan bante, a wane wata suka fita? Ni dai na lura ƙashin dokin nan a Ohio ɗin ma ba a same shi ba.

A bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, wanda ake cin talo-talo, abin ya ɓaci. Ba na wurin. Ƙarar buga ƙofa kawai na ji, na leƙa na ga Na-Arewa ya nufi motarsa riƙe da abincin da ya kawo, ko buɗe shi ba a yi ba. Daga baya Na-Kudu ya ba ni labari. Ƙanin ya ce duk mai neman littafin a kudu ya fi yarda da malaman jami'a a kan addininsa, kuma mahaifinsu ya ɓata rayuwarsa a kan taswirar ƙarya. Shi kuma ya mayar masa da cewa ya zama saniyar tatsar masu sayar da tikitin bas da duwatsun jabu. Kowa ya taɓa ɗan'uwansa a inda ke masa ciwo. Lahadin da ta biyo baya ba mota, ta gaba ma haka, har aka shekara aka ɗora.

Ni mutum ne da gaba ke tayar wa hankali. A gidanmu an koya mana ba a wuce kwana uku ba a yi wa juna sallama ba, balle ciki ɗaya. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ba wanda ya taɓa cire harshensa ya ajiye. Kowace Lahadi da yamma in na hangi Na-Kudu zaune shi kaɗai, ɗaya kujerar babu kowa, sai in ji raina ya ɓaci, ba da shi kaɗai ba, da su biyun.

Na fara bin hanyar da na gada. A wurinmu mai sulhu yakan je wurin wannan ya ce ɗan'uwanka ya tambayi lafiyarka, ya je wurin wancan ya faɗi haka, kowa ya san an ɗan ƙara gishiri, kowa ya karɓa don ya samu hanyar saukowa. Na buga wa Na-Arewa waya na ce wansa yana ta tambayarsa. Ya ce, "Me ya ce daidai? Da waɗanne kalmomi? Wace rana?" Tsohon ma'aikacin gwamnati ke nan. Sai na ce ana kirana a ɗaya layin.

Su kuma suka ga sun samu alƙali. Ni injiniya ne, aikina gwajin ƙasa kafin a sa harsashin manyan rumbunan kwamfutar nan da suka cika gefen filin jirgi. Tunda ina tona ƙasa, a ganinsu dole na san abin da ke cikinta. Na-Kudu ya nuna mini hotunan wasu kufai ya ce in duba da idon injiniya, wannan ba siminti ba ne kamar yadda littafin ya ambata? Na ce shafen farar ƙasa ne mai kyau, magina ne na gaske suka yi, amma shafe ba ya faɗin sunan mai gida. Na-Arewa kuma ya same ni a wurin aiki da wani dutse naɗe cikin tawul, ya sayo shi daga wani manomi, akwai zane-zane a jikinsa da yake cewa rubutun Ibrananci ne. Na juya dutsen, na ce ni ba masanin rubutu ba ne, amma na sha ganin irin wannan zanen a duwatsun gona inda bakin garma ya bi ta kai. Ya naɗe dutsensa ya ce dama ya san ina bayan wansa. Da na gaya wa wan, ya ce ai shi ma ban tsaya masa ba. Na tashi a tutar babu, kuma na gane ko takobi na tono da sunan mai shi a jiki, ɗayansu zai ce ɗauko shi aka yi daga wani wuri.

Ana cikin haka, wata ranar bazara Na-Kudu ya kira ni bakin shinge. Ya ce likitoci sun ga hanyoyin jinin zuciyarsa sun toshe, za a buɗe ƙirjinsa a yi masa aiki, kuma sun gaya masa a shekarunsa ba kowa ke tashi ba. Na ce ƙaninsa ya sani? Ya ce, "A'a, kuma amana na ba ka, kada ka gaya masa. Ba na son ya zo don tausayi."

Na dawo ciki ina ta sababi. Na ce wa matata wannan wane irin taurin kai ne, mutum zai shiga ɗakin da bai san ko zai fito ba, yana gaba da ɗan'uwansa a kan kogin da ba wanda ya sha ruwansa. In ya tafi a haka, wanda aka bari ya zai yi da ransa? Ga amana ta ɗaure ni, ba halin in ɗaga waya.

Tana yanka albasa ta ce, "Alhaji, kai da Likita kullum sai kun zagi kakannin juna, ban taɓa ganin kun kwana da fushi ba. Su waɗannan ba su iya faɗa ba ne kawai."

Likita aminina ne, Bazazzagi, ni kuma Bakano. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi: wasa ne na gado. Ko a ina muka haɗu sai mun yi, a masallaci, a wurin suna, har a zaman makoki in an ga fuska ta ɗan saki. Maƙwabtana sun sha ganinmu muna yi, amma da Hausa muke yi, ba su taɓa sanin abin da muke cewa ba. Na tsaya ina kallon matata, sai na ji wani abu ya faɗo mini.

A ƙarshen makon nan muke walimar 'yarmu da ta gama jami'a, a bayan gida. Na gayyaci kowannensu, kuma ban ɓoye ba, na ce ɗayan ma zai zo, gidana ne ba nasu ba. Na-Arewa shi ya koya wa yarinyar tuƙi, ba zai iya ƙi ba. Ya ce zai zo amma kada a sa kujerarsa kusa da ta wani. Sannan na kira Likita.

Na ce, "Ɗan fate, aiki zan ba ka. Ranar Asabar za mu yi abin da muka saba, amma da Turanci, kuma da ƙarfi."

Ya ce, "Ka fara shaye-shaye ne, Injiniya?"

Na zayyana masa komai. Ya ce, "Mai ciwon zuciya fa ka ce. Da na ga ya taso zan sassauta, ba ruwana da shirinka." Na ce na yarda. Kalma ɗaya kuma muka yi alkawarin ajiyewa, wato bawa, wadda a gida ita ce gishirin wasan. A ƙasar nan ciwonta bai warke ba.

Ranar Asabar da hantsi gida ya cika. Ga waina, ga tsire yana tashi, yara na amsa gaisuwar manya da Turanci ana harararsu. Na-Kudu ya zauna a gindin bishiya kusa da shinge. Na-Arewa ya zauna can ɗaya ƙarshen, ya ba shi baya, yana cin tsire kamar da naman yake faɗa. Sai ga Likita ya shigo cikin babbar riga, ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga murya da Turanci.

"Ina mai gidan? Na ga ana raba abinci kyauta, na ce na yi ɓatan kai, wannan ba gidan Bakano ba ne."

Na ce, "Shigo, ɗan fate. An ajiye maka cokali, in ka iya riƙe shi."

"Mutanenku ko likkafani aka ba su sai sun tambayi nawa zai yi a kasuwa."

"Naku kuwa duk tarihinsu gudu ne. Kakanninmu sun kora ku har cikin ganuwarku, kuka rufe ƙofa kuna leƙe."

"Ƙarya! Mu muka zo har ƙofar garinku muka ɗaure dawakai, kuka fito da goro kuna ba da haƙuri."

Hausawan da ke wurin suka fara shewa, Kanawa na zuga ni, Zagezagi na zuga shi. A idonmu daɗi ake ji. A idon Bature kuwa taro ne ke rura wutar faɗa. Na saci kallon dattawan, na ga duk sun daina tauna.

Na ce, "A ina aka yi wannan? Nuna mini wurin a taswira."

Ya ce, "A bakin kogi."

"Wane kogin? Ina takobi ɗaya da aka tono? Ina ƙashin dokin?"

"Kakana ya gaya mini, kuma kakana ba ya ƙarya."

Na ja numfashi na ce, "To kakanka ya ɓata rayuwarsa a kan tatsuniya!"

Likita ɗan wasan kwaikwayo ne da ya yi ɓatan kai ya shiga asibiti. Ya cire hularsa ya maka da ƙasa, ya caƙumi wuyan rigata. Ban ankara ba sai na ji an rungume ni ta baya an ja, da ƙarfin da ban zaci gajeren tsoho yana da shi ba. Na-Arewa ne. A daidai lokacin Na-Kudu ya shiga tsakaninmu ya dafa ƙirjin Likita, shi kuma nan take ya sake ni ya ja da baya kamar yadda ya ce zai yi.

Na-Arewa yana haki ya ce, "Ba ku ji kunya ba? Ranar farin cikin yarinya! A kan yaƙin da ba wanda ya gani a cikinku?"

Na-Kudu ya ce, "Waɗancan mutanen sun mutu tuntuni. Ku kuna da rai."

Na-Arewa ya ce, "Ko an tono takobin, me zai ƙara muku?"

Na-Kudu ya ce, "Ƙasarku ɗaya, addininku ɗaya, kun zo nisan duniya. Wa kuke da shi a nan in ba juna ba?"

Suna yi suna karɓa wa juna kamar masu dakan hannu biyu, ba wanda ya lura da wa yake tayawa. Na-Arewa ya juyo da ni ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kai kuma, komai zafin gardama ba a taɓa iyayen mutum. Wanda ya mutu ba ya nan balle ya kare kansa, ba ka da ikon ka ce ya ɓata..."

Bai ƙarasa ba. Yatsan ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani, amma ranar na ga mutum ya dubi ƙasa ya ga abin da yake tsaye a kai.

Likita ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya zo ya rataya hannu a kafaɗata, muka fashe da dariya. Na ba dattawan haƙuri, na ce ba faɗa muke ba. Na gaya musu garuruwanmu sun yi yaƙi da gaske a zamanin da, kowa na da nasa labarin na yadda aka ƙare, kuma ba wanda ya tono abin da zai rufe bakin ɗaya. Sai magabata suka ga in aka jira hujja za a ƙare ba a gaisa ba, suka mayar da abin wasa. Ka faɗi duk abin da ka ga dama, ba ka janye ra'ayinka ba, ba ka ce ɗan'uwanka ya yi daidai ba, amma doka ɗaya ce: ba a fushi. Na ce ranar da mahaifina ya rasu ina nan ban samu jana'iza ba, wannan ɗan faten ne ya bar aikinsa ya zo ya zauna da ni har aka share makoki, kuma a zaman ma sai da ya ce marigayin ne kaɗai Bakanon da ya taɓa ba shi abu kyauta.

Na-Arewa ya dube mu ya ce, "To wa ya ci yaƙin?"

Ni da Likita muka ce a tare, "Mu."

Aka yi dariya, ban da su biyun. Na-Kudu ya koma kujerarsa ya zauna. Bai dubi kowa ba, kofin zoɓonsa yake kallo, ya ce, "Ranar Talata za a yi mini aiki a zuciya." Na-Arewa ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya je ya yi wa 'yata murna, ya gode wa matata, ya fita ya ja motarsa.

Na ce shi ke nan, na je gyaran gira na tsone ido, na kunyata tsoho a gaban jama'a. Matata ta ce, "Ka ga kunnuwansa kuwa? Ja wur. Bar shi ya je ya tauna."

Ranar Talata da safe ni na kai Na-Kudu asibiti, don jirgin 'yarsa sai da rana zai sauka. An sa masa rigar marasa lafiya, an ɗaura masa ruwa, yana kwance yana kallon silin. Duk wanda ya taɓa labule sai ya juya kai, sannan ya mayar. Bai ce yana jiran kowa ba, ni ma ban ce ba. Har masu tura gado suka zo suka fara kwance birki.

Kafin mu gan shi muka ji muryarsa, yana yi wa wata ma'aikaciya bayanin cewa shi ɗan'uwa ne na jini, kuma ba wanda ya isa ya tare shi. Ya yaye labule ya shigo da jaka a hannu. Bai yi gaisuwa ba. Ya zaro wata 'yar tsana ta auduga, dabba mai jikin alade da guntun hanci. Ya yanka tsohon bel ɗinsa ya yi mata sirdi da linzami. Ya dangwara ta a ƙirjin wansa ya ce, "Ga dokinka. Ka ce jarumanku a kansa suke zuwa yaƙi."

Na-Kudu ya ɗaga tafir ɗin ya juya shi. Ya ce, "Sirdin ya karkace. Dama mutanen Ohio ba su taɓa ganin doki ba."

Na-Arewa ya kama ƙarfen gadon ya hana a tura. Ya sunkuya ya ce, "Na gano dabararka. So kake ka riga ni zuwa can ka tambaye su inda suka zauna. Ban yarda ba. Ka dawo mu ƙarasa a nan." Aka tura gadon, aka miƙo masa tafir ɗin don ba a shiga da shi, ya zauna ya rungume shi a cinya har aka fito aka ce an yi nasara. Da 'yar ta iso, a haka ta same shi.

Washegari da rana aka bar mu muka shiga, ni da shi. An cire wa Na-Kudu bututun numfashi, ya yi fari fat, idonsa a buɗe. Wata ma'aikaciyar jinya, matashiya, ta zo tana yi masa tambayoyin da suke yi don su tabbatar hankali ya dawo. Ta tambayi sunansa, ya faɗa. Ta ce, "Ka san inda kake yanzu?"

Ya juyo da ido a hankali ya dubi ƙaninsa, ya ce, "Guatemala."

Yarinyar ta zaro ido, ta kai hannu za ta danna ƙararrawa. Na-Arewa ya ce, "Bar shi, 'yata, hankalinsa garau yake. Tun muna yara a can ya ɓace." Yana dariya hawaye na bin kumatunsa, ya kama hannun wansa da hannu biyu.

Ban taɓa jin daɗin wani aiki da na yi a ƙasar nan kamar na ranar ba, duk da gine-ginen da ke tsaye a kan ƙasar da na gwada. Na lallaɓa zan fita in kira Likita in gaya masa mun ci yaƙi, ko da na san zai ce su suka ci, mu kallo muka zo. Ina bakin ƙofa na ji muryar Na-Kudu, siririya, da ƙyar take fita.

"In a New York aka yi, ina ƙanƙarar?"

Na-Arewa ya share fuska da hannun riga, ya jawo kujera kusa da gadon. Ya ce, "Bari in zauna tukuna. Wannan zai ɗauke mu lokaci."